Kakin da ke shan zafi a bango, da batun rage siminti

Tambaya: Injiniya, ina shirin gina ɗaki biyu da falo a Sakkwato. Na ji akwai wani sinadari da ake sa wa a bango ya riƙa shanye zafi. Gaskiya ne? Sannan da tsadar simintin nan, akwai abin da zai maye gurbinsa?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Galibinsa kakin farafin ne da ake ɗurawa cikin ƙwayoyin roba ƙanana kamar gari, a cuɗa da filasta ko allon silin. Idan ɗaki ya ɗau zafi sai kakin ya fara narkewa, narkewar ce ke cinye zafin, kamar ƙanƙara a jarkar zoɓo. Kilo guda na kakin yana shan zafi kusan kilojul 200 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Da dare ya yi sanyi sai ya daskare, ya jira gobe.

To, nan gizo ke saƙar. Irin da aka yi wa Turai yana narkewa ne a digiri 23 zuwa 26. A Sakkwato kuwa, cikin Afrilu da Mayu, sau da yawa ko da asuba zafi bai sauka ƙasa da haka. Kakin ya narke bai daskare ba, ka biya kuɗin waje ka sayi abin da zai yi barci daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ni dai ban ba ka shawarar sa ba.

Kaurin bangon ƙasa yana yin aiki makamancin wannan, shi ya sa soron kakanninmu ke da sanyi da rana tsaka. Yau ana buga bulon jar ƙasa da injin matsewa, a sa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari kawai, a bar shi ya sha ruwa a inuwa, ba a gasa shi. Da shi mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001, da shi kuma Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar.

Akwai kuma tokar ƙaiƙayin shinkafa mai rage siminti a kwaɓi, ga Kebbi a maƙwabtanku, sai dai tana son ƙuna mai kyau da niƙa lukui.

Amma harsashi, ginshiƙi da lintal, kada magini ya ruɗe ka, siminti da rodi za ka sa. Ka ɗaga harsashin sama da ƙasa, ka fito da bakin rufi sosai saboda ruwan damina, kuma kafin a buga bulo ko ɗaya a gwada ƙasar filin, don mai yumɓu da yawa tsagewa take yi.