Dalilin da na ce ka tsayar da kwalaben tun Laraba

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na sa ka fito da kwalaben giyar fot guda huɗu tun Laraba ka tsayar da su, alhali baƙin sai Juma'a za su zo ɗanɗano, kuma me ya sa na hana ka haɗa ta 1994 a cikinsu. Zauna in faɗa maka.

Giyar nan daga kwarin kogin Douro take, a arewacin Fotugal, yankin da aka shata wa iyaka tun 1756. Ana matse inabin, ya fara tsami, sai a zuba masa barasa mai ƙarfi tun sukarin bai ƙare ba. Tsamin ya tsaya cak. Shi ya sa take da zaƙi, ƙarfinta kuma ya kai wajen kashi 20 cikin 100. Wadda ake kira vintage ta shekara ɗaya ce tak, shekarar da gidan da ke yin ta ya ga inabin ya yi kyau ƙwarai, kuma sai IVDP, hukumar da ke kula da giyar fot, ta amince. A shekara goma, da wuya a samu fiye da uku ko huɗu. Kimanin shekara biyu kawai take yi a ganga, sai a ɗura ta a kwalba ba tare da an tace ba. Duk sauran nunar a cikin kwalbar take yi, a kwance, cikin duhu.

To, abin da ba a tace ba, laka zai ajiye. Kwalbar 1977 ta haura shekara arba'in tana tara laka a gefen da ta kwanta. Ka lura da ɗigon farin fenti a jikin wasu? Yana nuna gefen da ke sama. Idan ka tsayar da ita kwana biyu, lakar ta sauka gindi a hankali. Idan ka ɗauko ta ranar ka girgiza, ka gama da ita: baƙo zai ji ɗaci da tsakuwa-tsakuwa a baki, ya ɗora wa gidan da ya yi ta laifin da na hannunka ne. Na taɓa ganin an yi wa kwalbar 1963 haka, har yau abin yana yi mini ciwo.

Toshiyar ma ta tsufa, tana iya marmashewa. In ta ƙi fita, akwai awartakin da ake gasawa ya yi ja, a riƙe wuyan kwalbar da shi, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle mai sanyi, wuyan ya tsage sumul. Wannan ba naka ba ne tukuna. Naka shi ne tsiyaya cikin tulu: kyandir a ƙarƙashin kafaɗar kwalba, hannu ɗaya ba tsayawa, da ka hango lakar ta nufo wuya sai ka dakata. Ɗan abin da ya rage, bar shi.

Batun ta 1994 kuwa, kwatanci yana son abu ɗaya ya bambanta, ba biyu ba. Ko dai shekara ɗaya gidaje daban-daban, ko gida ɗaya shekaru daban-daban. Namu duka 1977 ne, daga gidaje huɗu: Taylor's, Fonseca, Graham's da Dow's. A nan baƙo zai gane da bakinsa cewa Graham's ta fi zaƙi da taushi, Dow's kuma zaƙinta ya fi ja baya a ƙarshe. Ka sa ta 1994 a tsakani, ƙuruciyarta za ta danne su, a rasa ko gida ne ya kawo bambancin ko shekaru.

Koyi kallo kafin komai. Karkata kofin a kan farin zanen tebur. Sabuwa ja ce mai duhu kamar zoɓo mai kauri, ga bauri kamar na goro. Tsohuwa bakin kofinta ya koma launin jan bulo, baurin ya kwanta, ƙanshin ya juya zuwa zabibi, busasshen ɓaure da ɗan yaji. Ni a ganina hanci ya fi harshe faɗin gaskiya a nan.

Kar ka rikita vintage da fot ɗin da ake kira tawny mai shekara 20, wadda ta nuna a ganga, ta saba da iska, tana yin makonni a buɗe. Waɗannan namu kuwa, in an buɗe, kwana ɗaya ko biyu ne, ƙanshin ya gudu. Saboda haka Juma'a da la'asar za mu tsiyaye su, ɗakin ya kasance da sanyi, wajen digiri 17. Ka wanke tuluna huɗu da ruwan zafi zalla, ban da sabulu, ka liƙa wa kowanne suna a gindi.