Amir ya tuba ne, ko jini ne ya motsa? Tambaya a kan littafin Khaled Hosseini

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gama karanta The Kite Runner, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Amir, mai ba da labarin, yana kallo aka ci zarafin Hassan, ɗan baran gidansu ɗan ƙabilar Hazara, bai ce uffan ba, daga baya ma ya ƙulla masa sharrin sata. Shekara 25 bai neme shi ba, sai da aka gaya masa Hassan ɗan babansa ne sannan ya yarda ya koma Kabul ya ɗauko marayan da ya bari. Wannan tuba ce ko son nasa ne kawai? Sannan wulaƙancin da ake yi wa 'yan Hazara a littafin, da gaske ne ko marubucin ya ƙara gishiri? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da tambaya ta biyu, domin sai an san ta ake gane nauyin ta farkon.

Babu ƙarin gishiri a nan. Hazara mutanen tsaunukan tsakiyar Afganistan ne, yankin da ake kira Hazarajat, inda Bamiyan take. Yawancinsu 'yan Shi'a ne, suna magana da wani karin Farisanci, kuma fuskarsu kan nuna su tun daga nesa. Sarki Abdur Rahman Khan, wanda ya yi mulki daga 1880 zuwa 1901, ya yaƙe su tsakanin 1891 da 1893. An kashe da yawa, an ƙwace gonakinsu da wuraren kiwonsu an ba wa wasu, an sayar da matansu da 'ya'yansu bayi. Sai a zamanin Sarki Amanullah, a shekarun 1920, aka haramta bauta. Doka ta soke cinikin, amma kallon da ake yi musu bai canja ba. A Kabul ɗin da Hosseini ya tashi a ciki (a 1965 aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin diflomasiyya ne) aikin dako, turin baro, ɗibar ruwa da barantaka a gidajen masu hali, yawanci 'yan Hazara ke yi. Kisan Mazar-i-Sharif da littafin ya ambata shi ma ya faru: a watan Agustan 1998 Taliban suka ci garin, suka kashe fararen hula da aka ƙiyasta sun kai 2,000 ko fiye, akasarinsu Hazara. Shekara guda kafin nan an kashe mayaƙan Taliban masu yawa a wannan garin, har da waɗanda aka kama, don haka akwai ramuwar gayya a ciki, ko da yake ba a kan masu laifin ta sauka ba.

Inda nake ganin gishirin ya yi yawa shi ne a kan Assef. Yaron da ya ci zarafin Hassan, uwarsa Bajamushiya, mai son Hitila tun yana ƙarami, shi ne kuma bayan shekara 26 ya zama jigo a Taliban, shi ne kuma ɗan Hassan ya faɗa hannunsa. Wannan haɗuwa ta yi kyau da yawa. Taliban ɗin 1996 yawancinsu 'yan karkarar kudu ne da yaran sansanonin gudun hijira na Pakistan, ba 'ya'yan attajiran unguwar Wazir Akbar Khan ba. Marubucin yana son mugu ɗaya da mai karatu zai tsana daga farko har ƙarshe, sai ya tara masa komai a ka.

To mu zo ga Amir.

Ki lura da shekarar da abin ya faru: lokacin sanyin 1975. Daud Khan ya riga ya kifar da ɗan'uwansa Sarki Zahir Shah a watan Yulin 1973, amma Kabul tana nan lafiya lau. Juyin mulkin 'yan gurguzu sai Afrilun 1978, sojojin Tarayyar Sobiyet sai Disamban 1979, Taliban kuwa ko labarinsu babu. Marubucin da gangan ya ajiye laifin kafin yaƙi. Ba tanka a titi, ba bindiga a kan kowa. Yaro ne ɗan shekara 12 da ya ci gasar jirgin takarda, wasan nan da ake shafa wa zare garin kwalba da gam don a yanke zaren abokin gasa. Hassan ya ruga ya ɗauko masa jirgin ƙarshe da ya faɗi, aka tare shi a lungu, aka ce ya ba da jirgin ya ƙi, saboda na Amir ne. Amir ya leƙo, ya gani, ya juya. Shi da bakinsa ya ce ba tsoro kaɗai ya kore shi ba. Yana son ya kai wa mahaifinsa, wanda yake kira Baba, jirgin nan ya sami yabon da ya daɗe yana nema, kuma a ransa ya yi wa kansa tambayar ko ba wani Bahazare ne kawai ba. A daidai wannan lokacin fuskar Hassan ta tuna masa da idon ragon layya idan an kwantar da shi. Ya san abin da yake yankawa, ya kuma san don wa.

Saboda haka da yaƙi ya zo, mafaka ya zame masa. A 1981 suka tsere Peshawar, daga can Fremont ta jihar Kalifoniya, inda Baba, mutumin da ya gina gidan marayu da kuɗinsa, ya koma aiki a gidan mai. Baba yana kewar gida, Amir kuwa ya sami inda ba wanda ya san Hassan. Miliyoyin mutane sun yi asarar ƙasa, shi ya sami sauƙi. Wannan na cikin abubuwan da littafin ya faɗa da gaskiya mai ɗaci.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe, kuma mai karatu Musulmi ya fi saurin ganinsa a kan Baturen da aka rubuta littafin da harshensa. Mahaifiyar Amir ta rasu wajen haihuwarsa. Mahaifiyar Hassan, Sanaubar, ta gudu bai cika mako da haihuwa ba. Mace ɗaya aka ɗauko ta shayar da su duka biyun, kuma Ali, baran gidan da ya raini Hassan a matsayin ɗansa, yakan tuna musu da haka. Ke nan tun a babi na biyu Hassan ɗan'uwan Amir ne, 'yan'uwantakar nono, wadda a shari'a take haramta abin da jini ke haramtawa ta wajen aure. Amir ya sani. Bai hana shi kasa kiran Hassan aboki a gaban mutane ba. Bai hana shi karanta masa labari yana yi masa ba'a da kalmomin da bai sani ba, tunda ba a sa shi makaranta ba. Bai hana shi cusa agogo da kuɗi a ƙarƙashin katifarsa ba. Don haka zarginki yana da tushe. Da Rahim Khan, aminin Baba, ya kira shi Pakistan a 2001 ya ce ya je Kabul ya ɗauko Sohrab, ɗan Hassan, amsarsa ta farko ita ce yana da mata da gida a Amurka, a nemo wani ya je, shi zai biya. Sai da aka ce Ali ba ya haihuwa, Hassan na Baba ne, sannan ya fita a fusace, ya dawo ya ce zai je. Nono bai ɗaga shi ba, shekarun wasa tare ba su ɗaga shi ba, sai da Hassan ya zama ɗan Bafashtune, wato ɗan ƙabilar su Amir. Ni ma wannan wurin yana yi mini ƙaiƙayi, kuma ban ga marubucin ya tsaya ya tuhumi Amir a kansa yadda ya kamata ba.

Amma asirin ba don Amir kaɗai aka tone shi ba. Baba ya fi shafa. Wannan mutum ne da ya zaunar da ɗansa ya ce masa zunubi ɗaya ne a duniya, sata, sauran duk rassanta ne: mai ƙarya ya saci haƙƙin wani na sanin gaskiya. Ashe shi ya shiga wa baransa gida, baran da suka tashi tare tun suna yara. Ya hana Hassan sanin ubansa, ya hana Amir sanin ƙaninsa, ya bar ɗansa yana kwana a ɗakin laka a bayan gida yana goge wa ɗayan ɗan kayan makaranta. (A fiƙihu ɗa na mai shimfiɗa ne, don haka Hassan na Ali ne a hukunce. Wannan bai sauke wa Baba komai ba.) Da kin san wannan, sai ki koma baya ki sake karanta abubuwan da suka wuce ki. Likitan da ya ɗauko ya ɗinke wa Hassan leɓe. Yadda ya yi wuf ya ce ya yafe satar agogon, shi da ya ce babu zunubin da ya kai sata. Kukan da ya yi yana roƙon Ali kada su tafi, Amir bai taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Amir ya rayu yana ganin shi ne lalataccen ɗa a gidan zaki, ashe barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Uba ya ci amanar Ali ya yi shiru don tsaron mutunci, abin da Fashtun ke kira nang da namus. Ɗa ya ci amanar Hassan ya yi shiru. Gida ɗaya, hali ɗaya, kuma sau biyun Bahazare ne ya biya. Ba banza ba labarin da Hassan ya fi so a Shahnama ta Firdausi shi ne na Rustam da Sohrab, uban da ya kashe ɗansa a fagen fama bai san nasa ba ne. Bambancin shi ne Baba ya sani.

To tuba ce? Malamai sun ce idan laifi ya shafi haƙƙin wani, nadama da dainawa ba su isa ba, sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafiyar mai shi. Amir yana da nadama tun farko, har barci ya ƙaurace masa. Amma dubi abin da ya yi da ita. Ya ja Hassan gindin bishiyar rumman yana jifarsa da 'ya'yanta, yana cewa ya rama. Hassan ya ɗauki ɗaya ya fasa a goshin kansa. Ba gafara Amir yake nema a nan ba, so yake a doke shi a wuce wurin. Shi ya sa dariyar da ya yi lokacin da Assef ke karya masa haƙarƙari, yana jin ya warke, ban lissafa ta a tuba ba. Sauƙin ransa ya samu. Hassan bai ƙaru da komai ba, domin an riga an harbe shi da matarsa Farzana a ƙofar gidan Baba, gidan da yake gadi ya ƙi bari. Kuma a ɗakin nan ma ba Amir ya ceci Sohrab ba, yaron ne ya cece shi da ɗanƙo, kamar yadda ubansa ya taɓa yi. Bayan haka ya yi wa yaron alkawarin ba zai sake komawa gidan marayu ba, ya janye alkawarin saboda matsalar takardun shiga Amurka, yaron ya nemi halaka kansa.

Akwai kuma matsalar Hassan ɗin kansa. Ba ya fushi, ba ya ƙorafi, ya koyi rubutu yana babba ya aiko wa Amir wasiƙa babu ko kalmar zargi. Wanda aka zalunta ya yafe tun ba a roƙe shi ba, wannan ya sauƙaƙa wa marubuci da mai karatu aiki. Duk labarin daga bakin mai laifi muke jin sa. Kuma ciwon ba na takarda ba ne kawai: da aka yi fim ɗin a 2007, hukumomin Afganistan sun hana shigo da shi saboda tsoron rikicin ƙabilanci, aka kuma kwashe yaran da suka fito a ciki zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa don tsaron lafiyarsu. Idan kina son ganin wani salon, nemi gajeren littafin Atiq Rahimi, Earth and Ashes a fassarar Turanci, wanda ya rubuta da Dari, wato Farisancin Afganistan. Tsoho ne da jikansa da bom ya kurumtar, suna jiran mota zuwa mahaƙar kwal don ya gaya wa ɗansa an hallaka ƙauyensu. Shi bai yi laifin komai ba, amma nauyin tsira da nauyin kai labari sun danne shi, kuma babu wani mugu guda da za a fasa wa ido a huce.

Wurin da ni nake ganin Amir ya fara biya ba a Kabul ba ne, a teburin cin abinci ne a Amurka. Surukinsa Janar Taheri, mutumin da ke rayuwa a kan abin da mutane za su ce, ya tambaya me za a gaya wa jama'a game da yaron Hazara da ke kwana a gidan 'yarsa. Amir ya ce a gaya musu babansa ya kwana da matar baransa, ta haifi Hassan, wannan yaro ɗan ƙaninsa ne, kuma kada Janar ya sake kiransa yaron Hazara a gabansa, sunansa Sohrab. Abin da Baba ya mutu bai iya faɗa ba, da abin da Amir ya kasa faɗa a bakin lungu, ranar aka faɗe shi a gaban wanda ake jin kunya. Ya zubar da sunan ubansa da hannunsa, kuma a wurin mutanensa babu tsadar da ta kai wannan.

Sohrab dai bai ce ya yafe ba. Watanni ya yi ba ya magana da kowa. A watan Maris na 2002, a wani filin shaƙatawa a Fremont, Amir ya yanke zaren wani jirgi da dabarar da Hassan ya koya masa, gefen bakin yaron ya ɗan motsa, sai Amir ya tambaye shi ko ya ruga ya ɗauko masa. Yaron ya gyaɗa kai, ko kuma Amir ya ga kamar ya gyaɗa.