Amsar gwaggonki a kan wasan kaka da jika

Salamu alaikum 'yata, ya gida ya yaran, ya maigidan naki. Na ga saƙonki tun shekaranjiya, ban amsa ba ne dan ba maganar layi biyu ba ce, sai yau bayan asuba na samu zama.

Kin ce surukarki ba ta kiran yaron nan sai da mijina, ita kuma yarinyar kishiyata, har rannan ta shigo miki ɗaki da kuka wai kakarta ba ta sonta, ga shi kuma yanzu ta ce in yaye ya zo ki kai mata shi ya kwana biyu a wurinta, kina tambaya wai wannan wace irin al'ada ce kuma dole ne sai an yi. Toh ba dole ba ne, babu wanda zai ce kin yi saɓo in kin ƙi. Amma ni in shawarata kike nema ki kai shi, kuma bari in faɗa miki dalili daga abin da na gani da idona.

Kin san ni ce 'yar fari a ɗakinmu, babanki ƙanina ne na uku. Wallahi har mahaifiyarmu ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke" ko "waccan", in baƙi sun zo ko kallon inda nake ba ta yi, ba ta ɗaukata a gaban mutane, in na faɗi na fasa gwiwa sai dai wata ta tashe ni. Ba ƙi ba ne fa, kunyar ɗan fari ce, haka aka tarbiyyantar da su, kuma na san da dare takan zo ta gyara min mayafi tana zaton na yi barci. Toh yaron da aka rena a haka ina zai je ya yi shagwaɓa, wa zai hau wa cinya ya ja masa hanci? Ɗakin kaka. Abin da iyaye suka danne saboda kunya a can ake sakinsa gaba ɗaya, shi ya sa kika ga kaka mace tana ce wa jikanta namiji mijina ko angona, tana tsokanarsa ina kuɗin cefane, macen kuma kishiya, shi kuma kaka namiji jikarsa ce amaryarsa, namijin abokin takara. Kuma kar ranki ya ɗarsa wani abu ta fuskar addini, kaka muharramar jikanta ce har abada, tana cikin iyayen da aka ambata a aya ta 23 ta Suratun Nisa'i, maganar baki ce kawai ta jawo yaro jiki. A mazhabarmu ta Malikiyya ma in uwa ba ta samu damar riƙon ɗa ba kakarsa ta wajen uwa ake fara dubawa, kin ga matsayin kaka ba ƙarami ba ne.

Ni Iya, uwar babanmu, kishiya take ce min, kullum muna faɗa, ta ce na zo ƙwace mata miji, na ce ai ta tsufa ta ba ni wuri, Malam yana gefe a kan buzu yana dariya yana cewa ai amarya ta fi. Amma wannan kishiyar ita ke ɓoye min ƙanzo. Ke ba ki san daɗin ƙanzo ba dan tukunyarku ba ta kamu, wanda ake kankarowa a gindin tukunyar tuwon dawa a shanya shi ya bushe ƙarau, sai ta jiƙa shi ta zuba ƙuli-ƙuli da ɗan yaji da mai, ta tura min a ƙaramar ƙwarya ta bayan gado kar sauran yara su gani. Da safe kuma ɗumame, tuwon jiya da miyar kuka an ɗora a garwashi ya yi zafi har gefe ya soma ƙonewa, ta kawo man shanu a ɗan kwalba ta ɗiga, ƙamshin daddawarta kaɗai ya isa ya tashe ki daga barci dan da hannunta take yi, ta dafa kalwa kwana guda cur ta surfa ta wanke ta rufe da ganye sai ta yi kwanaki ta nuna. Har yau in na bi ta inda ake dafa kalwa sai na tsaya, mutane na toshe hanci ni kuwa ƙwalla ce ke cika min ido.

Ɗakinta akwai wata tukunyar ƙasa a ƙarƙashin gado, ba a rasa aduwa ko magarya ko goriba a ciki, in sallah ta matso kuma nakiya, wadda ake dakawa da garin shinkafa da zuma da kayan ƙamshi, tana wata da watanni ba ta lalace ba. Kuɗinta a haɓar zane suke, kuma ko da aka canza kuɗi a 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo Iya ba ta taɓa yarda ba, har ta rasu da sule da sisi take lissafi, mu ne masu fassara mata. Da dare in an gama cin tuwo sai mu kewaye ta a tabarma, ta ce ga ta nan ga ta nanku mu ce ta zo mu ji ta, yau gizo da ƙoƙi gobe kura, rabinmu ba ma kaiwa ƙurunƙus barci ya kwashe mu.

Fitar da ba zan manta ba ita ce shekarar da Malam ya kwashe mu jikoki ya kai mu Kano kallon hawan Daushe, lokacin Sarki Ado Bayero yana da ƙuruciyarsa, kin san a 1963 ya hau kuma sai 2014 Allah ya karɓi ransa. Tun dare Iya ta soya kaza ta ƙulle mana dambu a kwanon sha, ta yi mana lalle, ta hana mu barci da kashedi kar wanda ya saki hannun ɗan'uwansa. Washegarin sallah ake yinsa da la'asar, muka samu wuri a wajen Ƙofar Kudu mutane kamar ƙasa, ni Malam ya saɓa ni a wuya ya ce amarya ba ta tsayawa a ƙasa, daga can sama na ga 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai cikin ja da kore, ga algaita ga kakaki, da 'yan bindiga suka saki wuta na ƙanƙame rawaninsa har ya warware, bai ko yi faɗa ba. Da hakimai suka fara jahi suna sukuwa su zo gaban sarki su ja linzami su ɗaga hannu sai ya sunkuyo da ni ya ce kin san daga ina sarki yake? Daga Babban Ɗaki, ya je gaida mahaifiyarsa. Ina 'yar ƙarama amma maganar ta zauna min, duk wannan dawaki da jama'a ashe gaisuwar tsohuwa aka je. Yanzu na ji hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin kayan tarihin duniya a 2024, na ce Allah sarki Malam, da yana nan da ya ji daɗi. A hanyar komawa a bayan babbar mota muka cinye sauran kazar da hannu duk ƙura, babanki yana goye lokacin shi ya sa ba shi da labarin.

Maganar yaye kuwa, Alƙur'ani ya ce shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, a Baƙara aya ta 233, kuma hikimar kai yaro gidan kaka ita ce in yana ganinki yana jin ƙamshinki ba zai haƙura ba, ke ma ba za ki iya jure kukansa ba. A can kuwa ga mai goyo ga mai rarrashi ga kunu a kan lokaci. Sai dai ni ban goyi bayan yadda ake yi a da ba, a wayi gari kawai a ɗauke yaro a shafa wa nono abu mai ɗaci, wannan akwai tausayi. Ki fara rage masa tun saura wata guda, rana tukuna sannan dare, ki riƙa kai shi wuni wurinta ya saba da ɗakin da shimfiɗar kafin ranar kwana. In akwai abin da likita ya hana shi ko jiƙon da ba ki yarda da shi ba ki faɗa wa maigidanki shi ya sanar da ita cikin ladabi, kar ya fito daga bakinki, kin dai san tsakanin suruka da suruka.

Ita kuma 'yar budurwata da ta yi kuka, ki zaunar da ita ki ce mata kishiyar nan ta wasa ce, ki koya mata abin da za ta mayar, ta ce ai ni ce amarya ke kin tsufa, ki ga yadda tsohuwar za ta kwashe da dariya ta jawo ta jiki. Ki lura kuma wa ake ba tsokar nama a ɓoye in kun je, ina tabbatar miki ita ce.

Ki haɗa masa kaya marasa yawa, da zanen goyonki guda ɗaya wanda ya saba da shi, da turmin atamfa da sabulu na tsohuwar, kar ki je hannu rabbana. In kin kai shi ki kira ni a daren farko dan na san ba za ki yi barci ba, ni ma ina farke har ƙarfe goma sha ɗaya. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yaran, nakiyarku tana nan zan ba direba ya taho da ita kafin sallah in sha Allahu.