Mukayyif Yana Ɗigar Ruwa, Mai Gyara Yana Ta Ƙara Gas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Jidda, kuma tun shigowar zafin bana mukayyif ɗina, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin wanda rabinsa ke ciki rabinsa ke waje, ya rage sanyi, ga ruwa yana bin bango har ya jiƙa mini yadin mutane. Sau biyu mai gyara yana ƙara masa gas, amma bayan 'yan makonni sai a koma gidan jiya. Shin gas ɗin ƙarewa yake yi?
Daga wani tela, Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gas ɗin na'urar sanyaya ɗaki ba irin na girki ba ne da wuta ke cinyewa, domin zagayawa kawai yake yi a cikin rufaffen bututun jan ƙarfe, ya kwashi zafin ɗaki ya zubar a waje, ya sake dawowa. Idan har ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma galibi a mahaɗar bututu ne, wurin da aka ɗaure da noti ranar da aka kafa na'urar. Wanda ya ƙara maka gas sau biyu bai nemi kafar ba, zuba ruwa a rariya ya yi da kuɗinka. Ka sa shi ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, ya gyara inda ya ga kumfar tana tasowa, ya zuƙe iskar da ta shiga bututun da injin zuƙa, sannan ya zuba gas gwargwadon nauyin da aka rubuta a jikin na'urar. Ya kuma duba irin gas ɗin, domin nau'in R22 da nau'in R410A ba a gauraya su.

Sai dai ni na fi zargin datti, saboda sana'arka. Burbushin zare da ƙurar yadi suna toshe ragar tace iska da ke bayan murfin gaba cikin 'yan kwanaki, idan kuwa iska ba ta ratsawa sosai, sai bututun ciki ya yi ƙanƙara, sanyi ya ragu, ƙanƙarar kuma ta narke ta malalo. Ga shi Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta cike take da laima, ba kamar Riyad ba, don haka raɓar da na'urar ke tarawa tana da yawa ƙwarai. Wannan ruwa yana taruwa a wata 'yar tasa, ya fita ta siririn tiyo, wanda gansakuka da ƙura kan toshe, wani lokaci ma mai kafawa ne bai karkata shi ƙasa ba tun farko. Ka kashe wuta, ka zare ragar ka wanke duk mako, ka bar ta ta bushe a inuwa, a busa tiyon har ruwa ya gudana, a wanke na wajen ma, tunda iskar teku tana sa shi tsatsa. Ka ajiye mukayyif ɗin a kan digiri 24.

Tambaya: Ina so in sayi mukayyif a Makka in aika wa mahaifiyata a Kano. Akwai matsala?
Daga wata baiwar Allah, Makka.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ki karanta ɗan allon da ke jikinsa kafin ki biya. Wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, wato 60Hz, ta Najeriya kuwa sau 50, shi ya sa kwampreso, wato injin da ke tura gas, wanda aka ƙera wa 60 kaɗai zai riƙa juyawa a hankali a Kano, sanyinsa ya ragu, yana iya yin zafi ya ƙone. Idan ba a rubuta 50/60Hz ba, gara ki aika da kuɗin a saya mata a Sabon Gari, ki huta da kuɗin dako.