An rufe makaranta: yaya zan koyar da ɗana mai galahanga da yayansa da ba ya zama wuri ɗaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga Jihar Neja. Tun da aka rufe makarantu saboda matsalar tsaro gidana ya rikice. Ƙaramin ɗana shekararsa 7, likita ya tabbatar mana yana da larurar galahanga. Maganarsa ba ta da yawa, amma a makaranta ya fara riƙe fensir, ya kuma daina fitsari a wando. Yanzu kullum da safe sai ya ɗauko jakarsa ya tsaya a bakin ƙofa, in na ce masa babu makaranta ya fashe da ihu yana buga kansa a bango. Fitsarin ma ya dawo. Yayansa mai shekara 10 kuma an ce mana yana da larurar ƙarancin natsuwa, ba ya minti biyar a kan littafi. Na sayo allo da alli, na ware musu awa uku kullum, amma sai abin ya ƙare da bulala da kuka, ni ma in shiga ɗaki in yi nawa kukan. Mahaifinsu ya ce a ƙyale su har a koma. Ni kuwa tsoro nake ji kada abin da aka sha wuya aka samu ya zube. Yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Tsoronki yana kan hanya. Mun ga irinsa lokacin korona, da aka rufe makarantun ƙasar nan a Maris na 2020 yawancin yara ba su koma ba sai wajen Oktoba, mun sake gani bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara da Kagara. Yara masu irin wannan larura su ne suka fi saurin komawa baya, su ne kuma suka fi daɗewa kafin su dawo inda suke. Saboda haka zama jiran ranar komawa ba zai yi ba. Amma awa ukun nan, don Allah ki ajiye su daga yau, ki ajiye bulalar tare da su. Abin da yaranki suka rasa da aka rufe makaranta, mafi girmansa shi ne tsarin yini: sanin abin da za a yi yanzu da abin da zai biyo baya. In kika dawo musu da wannan, karatun zai samu wurin zama.

Bari mu fara da ƙaramin. A 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Baltimore ta Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan larura ta galahanga, wadda likitoci ke kira autism, kuma cikin abubuwan da ya fi lura da su akwai tsananin son komai ya tafi yadda aka saba. Har yau wannan yana cikin alamomin da likitoci ke dubawa. Ɗanki ya haddace cewa bayan wanka da karin kumallo sai jaka, sai hanya, sai aji. Rana ɗaya aka cire masa tsakiyar yininsa ba tare da bayanin da zai iya ɗauka ba. Da kika ce “babu makaranta”, kin faɗa masa abin da ba za a yi ba, kin bar shi bai san abin da za a yi ba. Ga shi kuma magana tana wuce irin waɗannan yara da sauri, abin da suka gani da ido ne yake zama.

To ki nuna masa yinin da ido. Ki ɗauki hotuna da wayarki: burushinsa, kofin kokonsa, tabarmar karatu, buta, kwanon abincin rana, ƙwallonsa, katifarsa. A wanke miki su a shagon hoto. In hakan bai samu ba, kayan kansu sun wadatar, wasu yaran ma sun fi gane cokali na gaske a kan hoton cokali. Ki ɗaura igiya daidai tsayinsa, ki jera su daga hagu zuwa dama da abin matse shanya. Duk abin da aka gama, shi da hannunsa zai cire hoton ya jefa a kwando, ya duba na gaba. Kada ki wahalar da kanki da agogo, muna da turakun da ba sa gocewa: kiran sallar Azahar yana nufin abinci da kwanciya, La'asar wasa a tsakar gida, Isha'i shirin barci.

Jakar nan kuwa kada ki ƙwace ta. Ki bar shi ya sa kayan makarantarsa, ya rataya jakarsa, ki riƙe hannunsa ku taka zuwa zaure ko wani lungun ɗaki da kika ware, inda aka shimfiɗa tabarma guda da ba a komai a kanta sai karatu. Fuskarsa ta kalli bango, bayansa ya juya wa masu kai da komo. Kullum wurin nan, kullum lokacin nan. A kwanakin farko ihun yana iya ƙaruwa, domin wannan ma sabon abu ne a wurinsa. Ki daure mako biyu kafin ki yanke hukunci.

Shi kansa darasin, akwai wata hanya da Eric Schopler da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka, wadda jihar Karolina ta Arewa ta mayar shirin hukuma a 1972 da sunan TEACCH. Tushenta shi ne yaro ya iya ganin amsar tambayoyi huɗu ba tare da an yi masa dogon bayani ba: wane aiki zan yi, nawa ne yawansa, yaushe zan gama, me zai biyo baya. A gida, faifai uku ne a hagunsa da kwando ɗaya a damansa. Faifan farko murafen kwalbar lemo ne da zai raba ja daban, kore daban. Na biyu kati ne mai lamba 1 zuwa 5 da zai ɗora wa kowanne duwatsu daidai adadinsa. Na uku takarda ce mai harafi ɗaya da zai bi da fensir. In yana kai abu baki ko hanci, kada ki ba shi wake ko ƙananan tsakuwa. Da ya gama faifai sai ya juye a kwando. Faifai sun ƙare, karatu ya ƙare, ko da minti bakwai aka yi. Kada daɗin ya yi ƙoƙari ya sa ki ƙaro na huɗu, domin da zarar ya gane cewa ƙarewar faifai ba ta nufin an gama, ya daina yarda da tsarin. Biyu daga cikin ukun su zama abin da ya riga ya iya, ɗaya kawai sabo. Nan take bayan kwandon ya cika sai abin da ya fi so, ko wasan ruwa ne ko juya murfin tukunya. Zama biyu ko uku irin wannan a yini sun ishe shi.

Ni a ganina, a watannin nan buta ta fi fensir muhimmanci. Ki riƙa kai shi ban-ɗaki a lokuta sanannu, da tashi daga barci, bayan kowane abinci, kafin kwanciya, kina nuna masa hoton buta kafin ku tafi. In ya yi a wurin, yabo nan take. In ya yi a wando, ki canja masa ba faɗa ba hira. Sa riga, wanke hannu, cin abinci da kansa, duk karatu ne, kuma gida ya fi aji dacewa da koyar da su.

Haka ma neman abu. Yawancin ihun yaron da ba shi da kalmomi roƙo ne da bai samu hanyar fita ba. A 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka fara wata hanya a jihar Delaware ta Amurka inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi. Ki fara da hoto ɗaya na abin da ya fi ƙauna, a ce ƙosai. Yayansa ko mahaifinsa ya tsaya a bayansa ya kama hannunsa ya miƙo miki hoton, ke kuma ki ce “ƙosai” ki ba shi nan take. A hankali a janye hannun. Iyaye da yawa na tsoron hoto zai hana yaro magana. Binciken da aka yi bai nuna haka ba. Kuma kada ki raina zaman da za ki yi kusa da shi kina bin wasan da ya zaɓa, kina faɗin sunan abin da ke hannunsa da kalma ɗaya ko biyu. Wani bincike da Jonathan Green na Jami'ar Manchester ya jagoranta, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2010, iyaye aka koya wa irin wannan mu'amala, kuma da aka sake bibiyar yaran aka buga sakamakon a 2016, an tarar amfanin bai gushe ba bayan shekaru.

Buga kai a bango ba abin da za a zuba wa ido ba ne. In ya fara, ki sa filo tsakaninsa da bangon, ki rage magana, ki kori 'yan kallo. Bayan ya lafa ki rubuta abin da ya faru kafin ya fara: ƙarar janareto ce, injin markaɗen maƙwabta ne, yunwa ce, ko an canja masa abu ba sanarwa? Cikin mako guda za ki ga abin yana da hanyar da yake bi. Ki kuma duba haƙori, kunne da bayan gida, domin yaron da ba ya iya cewa “ciwo nake ji” da buga kai yake faɗa. Na san za a ba ki shawarwari kan iska da sammu. Ki yi masa addu'a safe da yamma, amma kada ki bari kowa ya dake shi, ya ɗaure shi ko ya turara masa hayaƙi da sunan magani. Rijiya kuma a yi mata murfi mai kwaɗo, a sa wa ƙofar gida sakata a sama, saboda yara masu galahanga kan sulale su fita kuma ruwa yana jan su.

Shi kuwa babban, lamarinsa daban ne, kuma zaunar da su tare yana cikin abin da ke ɓata miki aiki. Ki koyar da shi lokacin da ƙanensa ke barci ko yake wurin wani. Larurarsa, wadda likitoci ke kira ADHD, tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya. Russell Barkley, wanda ya shafe shekaru yana nazarinta, ya sha bayyana cewa irin wannan yaro ya san abin da ya kamata ya yi, aikata shi a daidai lokacin ne ke gagararsa. Shi ya sa nasiha da bulala ba sa kama shi: ya ji, ya yi nadama da gaske, bayan minti goma ya maimaita. Taimakon dole ya kasance a gabansa a lokacin aikin.

Kafin ya zauna ki sa shi ya motsa jiki sosai, ya ɗebo ruwa, ya yi langa, ya share tsakar gida. Sannan ki saita agogon waya minti goma ki ajiye nesa da hannunsa. Shafi mai lissafi ashirin ki ninke shi ya ga biyar kawai. In a tsaye yake so ya yi, ko yana karatu yana zagaya ɗaki, ki ƙyale shi. Aikin muke nema. Agogo ya buga, hutun minti biyar, a dawo. Zagaye uku da safe, ɗaya ko biyu da yamma. Umarni ɗaya a lokaci guda: ki dafa kafaɗarsa, ki faɗa a taƙaice, ya maimaita miki. Duk zagayen da ya kammala ki jefa ƙwayar wake a kwalba a gabansa, in sun kai biyar ya samu ladarsa a ranar, domin alkawarin kayan salla ya yi masa nisa. Abin da ya riga ya samu kada a cire don ya yi laifi daga baya. Ki kuma faɗi abin da ya yi daidai da sunansa: “Ka gama layin nan ba ka tashi ba.” Yaro irinsa yana shan “bari” da “zauna” tun safe har dare, yana buƙatar ya ji wani abu daban daga bakinki. In likita ya ɗora shi a kan magani, kada ki tsayar don an rufe makaranta sai kin tuntuɓe shi.

Waya ta zo bayan aiki, da iyakar da aka faɗa tun farko, a kuma karɓe ta awa ɗaya kafin kwanciya. Masu shekarunsu na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma lokacin tashi ya tsaya yadda yake a ranakun makaranta. Mahaifinsu ya ɗauki zagaye ɗaya na babban da yamma, ko ya fita da shi masallaci da kasuwa yana ba shi lissafin canji. Wannan zai ba ki awa guda ki kwanta, kuma kina da haƙƙinta.

Ki kira malamar ƙaramin ki tambaye ta kalmomin da take amfani da su wajen kai shi ban-ɗaki da waƙar da suke buɗe aji da ita, ki yi amfani da su yadda suke. In buga kan ya kai ga rauni, ko kika ga yana ƙurawa wuri ɗaya ido ba ya amsawa, ko jikinsa na fizga, ko ya daina cin abinci, ko kalmomin da yake da su suka ɓace, ku koma asibiti ba jira, domin farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu galahanga. Likitan da ya fara ganinsa shi ne na farko. In ana buƙatar ƙwararru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ranar da aka sanar da komawa kuma, ki ba shi mako guda na shiri: hoton makaranta ya dawo kan igiya, ku taka har bakin ƙofarta sau ɗaya ko biyu, sannan ki tafi wa malamar da hotunansa da takardar da kika riƙa rubuta abin da ke tayar masa da hankali.