Yaushe kwatabak ɗan benci yake samun damar fara wasa a NFL?

Malam, ka tambaya ko kwatabak na biyu yakan fito fili a gasar NFL ta ƙwallon Amurka (American football), ko zaman benci ne rabonsa. Yakan fito, amma galibi sai na farko ya ji rauni. Kwatabak shi ne mai jefa ƙwallo da jagorantar hari, kuma koci ba ya canza shi tsakiyar wasa kamar yadda ake sauya 'yan gaba a ƙwallonmu. Ko a atisaye na farkon ne ke cinye yawancin lokaci.

Dubi Tom Brady. Shi ne na 199 a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL suka yi a 2000, ba wanda ya damu da shi. A Satumbar 2001 Drew Bledsoe, kwatabak na farko a ƙungiyarsu ta Patriots, ya ji mummunan rauni, Brady ya shiga, Patriots suka ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, a kakar, Bledsoe kuwa aka sallama shi zuwa ƙungiyar Buffalo.

Ni labarin Nick Foles ya fi burge ni. Ya gaji Carson Wentz da ya ji rauni a ƙungiyar Eagles a Disambar 2017, ya doke Brady ɗin da ci 41 da 33 a wasan ƙarshe, amma da Wentz ya warke, Eagles suka mayar da Foles benci.