Tambaya da Amsa: Ƙananan Fararen Tayil a Bangon Kicin da Banɗaki

Tambaya: Mai sa mana tayil ya ba ni shawarar ƙananan fararen tayil ɗin nan da ake jerawa kamar bulo. Shin za su jure maiƙon kicin da ruwan banɗaki? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, za su jure ƙwarai. An fara sa irin wannan tayil a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York a 1904, saboda fuskarsa mai sheƙi tana ƙara haske kuma ba ta riƙe datti. Girmansa na asali inci 3 ne a faɗi, inci 6 a tsawo.

Abin da ya kamata ki sa wa ido shi ne layukan da ke tsakaninsu, domin ƙanƙantar tayil ɗin tana sa layukan su yi yawa, kuma a nan ne manja da hayaƙi suke maƙalewa. A ganina, ki nemi a cike layukan kicin da siminti mai ruwan toka maimakon fari, musamman a bayan murhu. Kada a shimfiɗa tayil ɗin a ƙasan banɗaki, domin yana santsi idan ya jiƙe.